Gimbiya Anne ta Birtaniya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Rayuwarta, Iyalinta da Aurenta Biyu

Duk lokacin da wani babban taro ya tashi a gidan sarautar Birtaniya, jana'iza ce ko naɗi, sai a ga wata dattijuwa sanye da kakin soja, fuskarta babu wasa, tana taku cikin maza ko tana bisa doki. Nan take tambaya ke tashi: wace ce wannan, kuma me ya sa ba a jin sunanta kamar na Diana ko Kate? Ga tambayoyin da aka fi maimaitawa a kanta.

Wace ce Gimbiya Anne?

Cikakken sunanta Anne Elizabeth Alice Louise. An haife ta ranar 15 ga Agusta, 1950, a gidan Clarence House da ke Landan. Ita ce ta biyu cikin 'ya'ya huɗu na Sarauniya Elizabeth II da Yarima Philip, kuma ita kaɗai ce mace. Yayanta shi ne Sarki Charles III, wanda ya girme ta da ƙasa da shekara biyu, sai ƙannenta Andrew da aka haifa a 1960 da Edward a 1964.

Lokacin da ta zo duniya kakanta George VI ne ke kan karaga. Ba ta kai shekara biyu ba ya rasu, ranar 6 ga Fabrairu, 1952, mahaifiyarta ta gaje shi. A gida aka koyar da ita har ta kai shekara 13, sannan aka kai ta makarantar kwana ta 'yan mata ta Benenden a yankin Kent, inda ta gama a 1968. Ba ta wuce jami'a ba. Tana da shekara 18 ta fara fita ayyukan fada, kuma har yau ba ta daina ba.

Ita ce gimbiyar da ta zo bikin 'yancin kan Najeriya a 1960?

A'a, lokacin shekararta goma. Wadda ta wakilci Sarauniya a Legas ranar 1 ga Oktoba, 1960, ta miƙa wa Firaminista Abubakar Tafawa Balewa takardun 'yanci, ita ce Gimbiya Alexandra ta Kent, 'yar ƙanin mahaifin Sarauniya. Haka ziyarar da Sarauniya da mijinta suka kawo a 1956, wadda aka yi musu hawan daba a Kaduna, ba a zo da yara ba. Charles da Anne suna gida.

Tunda ita ce ta biyu a haihuwa, me ya sa ta koma can ƙasa a jerin magada?

Saboda mace ce. Tsohuwar ƙa'idar gadon sarautar Birtaniya ta ce namiji yana gaba da 'yar'uwarsa ko da ta girme shi, mace ba ta hawa sai idan babu ɗa namiji a ɗakin. Abin da ya ba mahaifiyarta damar hawa ke nan, domin George VI 'ya'ya mata biyu ya bari. Daga 1952 Anne ce ta biyu bayan Charles. Da aka haifi Andrew ya tsallake ta, da aka haifi Edward shi ma ya tsallake ta, kuma duk ɗa ko jikan da waɗannan maza uku suka samu gaba da ita yake shiga. A farkon 2025 lissafi ya kai ta ta 18.

An gyara dokar a 2013, ta fara aiki a 2015, aka ce daga yanzu wanda ya riga zuwa duniya shi ne gaba, mace ko namiji. Sai dai gyaran bai waiwayi na baya ba: waɗanda aka haifa bayan 28 ga Oktoba, 2011 kawai ya shafa. Shi ya sa Charlotte, 'yar Yarima William, ta riƙe matsayinta da aka haifi ƙaninta, ita kuwa Anne tana nan inda tsohuwar doka ta ajiye ta. Wannan fifiko na tsatson maza shi ne kuma ya shafi 'ya'yanta. Duba amsar da ke magana kan rashin sarautarsu.

Mece ce sarautar da ake kiranta da ita?

Da Turanci ana ce mata Princess Royal, wato a sauƙaƙe Babbar Gimbiya. Laƙabi ne da sarki ko sarauniya ke iya ba babbar 'yarsa, ba gadonsa ake yi kai tsaye ba, kuma mutum biyu ba sa riƙe shi lokaci guda. Wadda aka ba tana riƙe da shi har ranar mutuwarta. Wadda ta fara samu ita ce Mary, 'yar Sarki Charles I, a 1642. Anne ce ta bakwai. Wadda ta gabace ta, wata Mary ɗin, 'yar George V, ta rasu a 1965, amma sai ranar 13 ga Yuni, 1987 Sarauniya ta ba 'yarta, bayan ta shafe kusan shekara ashirin tana yi wa fada hidima.

Da gaske ta taɓa shiga gasar Olamfik?

Ƙwarai kuwa, kuma ba alfarma aka yi mata ba. Wasan da ta ƙware a kai wata gasar dawaki ce mai sassa uku: a nuna ladabin doki da biyayyarsa a fili, a yi gudu mai nisa cikin dawa ana tsallake katanga da ramuka da ruwa, sannan a dawo fili a tsallake shingaye. Sashe na biyu shi ne mai haɗari, ana karyewa, wani lokaci har a rasa rai. A 1971, tana da shekara 21, ta zama zakarar Turai a Burghley bisa wani doki mai suna Doublet, kuma a shekarar masu kallon BBC suka zaɓe ta gwarzuwar wasanni. A 1975 ta ƙara da lambobin azurfa biyu a gasar Turai da aka yi a Jamus.

A 1976 ta tafi Montreal ta Kanada cikin tawagar Birtaniya, ta zama ta farko a gidan sarautar da ta fafata a Olamfik. Dokin mahaifiyarta ne ta hau, sunansa Goodwill. A tsakiyar gudun dawa suka faɗi, kanta ya bugu, aka ɗora ta ta ƙarasa tseren, daga baya ta ce ba ta tuna yadda ta ƙarasa ba. Ba ta samu lamba ba. Ta shugabanci hukumar wasannin dawaki ta duniya daga 1986 zuwa 1994, kuma tun 1988 take cikin kwamitin Olamfik na duniya.

Wanda bai san wannan ɓangare na rayuwarta ba zai yi wuya ya fahimci aurenta na farko, domin doki ne ya haɗa su.

Wane ne mijinta na farko, kuma yaya suka haɗu?

Mark Phillips, hafsan sojan ƙasa ne da aka fi sani da Kyaftin Mark Phillips, haifaffen 1948. Ba ɗan sarauta ba ne, ba shi da wani laƙabi na gado. Abin da yake da shi shi ne iya hawa: yana cikin tawagar Birtaniya da ta ci zinare a Olamfik na Munich a 1972, kuma sau huɗu yana cin babbar gasar Badminton. Sun fara haɗuwa a 1968 a wata liyafa ta mahaya dawaki, suka ci gaba da gamuwa a filayen gasa, wani lokaci ma suna karawa da juna.

An bayyana baikonsu a watan Mayu na 1973, aka ɗaura aure ranar 14 ga Nuwamba a majami'ar Westminster Abbey, ranar da yayanta Charles ya cika shekara 25. Ita ce ta fara aure cikin 'ya'yan Sarauniya, saboda haka aka yi gagarumin biki, aka nuna shi a talabijin a ƙasashe da dama. A 1976 Sarauniya ta saya musu gidan gona na Gatcombe Park a yankin Gloucestershire. Aure ya mutu, gida ya saura: har yau a can Anne take zaune.

Me ya sa 'ya'yanta ba yarima ba ne ba gimbiya ba?

Dalili biyu ne, ɗaya na doka, ɗaya na zaɓi. A 1917 Sarki George V ya kafa ƙa'ida cewa laƙabin yarima ko gimbiya na 'ya'yan sarki ne da jikokinsa ta wajen 'ya'ya maza. Jikan da ya fito ta wajen mace matsayin ubansa yake bi. Bahaushe ba zai ji wannan baƙo ba, tunda mun san yadda ake cewa wane ɗan mace ne idan ana lissafin masu neman gadon sarauta. Ita kanta Anne da yayanta sai da kakansu George VI ya fitar da takarda ta musamman a 1948 kafin suka zama yarima da gimbiya, domin a lokacin su ma jikoki ne ta wajen mace.

Akwai hanyar da fada ke bi ta rage wannan gibi, wato a ba ango wani laƙabi na manyan masu ƙasa, sai 'ya'yansa su samu abin da za a riƙa kiransu da shi. Haka aka yi wa mijin Gimbiya Margaret, ƙanwar Sarauniya. Mark Phillips bai karɓa ba, kamar yadda mijin Gimbiya Alexandra ya ƙi karɓa a 1963. Sai 'ya'yan suka tashi a matsayin Peter Phillips da Zara Phillips kawai, duk da suna cikin jerin magada. Anne ta faɗa a wata hira a 2020 cewa tana ganin hakan ya fi musu sauƙi, domin laƙabi yana da nasa nauyin. Idan aka dubi yadda rayuwa ta kasance wa wasu jikokin Sarauniya masu laƙabi, da wuya a ce ta yi kuskure. Nata 'ya'yan sun nemi na kansu, ba wanda ke bin diddigin kuɗin da ake kashe musu.

Mene ne gaskiyar labarin yunƙurin sace ta?

Ya faru da daren 20 ga Maris, 1974, wata huɗu bayan bikinta. Ita da mijinta suna komawa fadar Buckingham daga wani taron agaji, a kan babban titin da ke kaiwa ƙofar fadar, sai wata mota ƙirar Ford Escort ta sha gabansu. Wani mutum mai suna Ian Ball ya fito da bindiga. Ɗan sandan da ke tsaronta, Sufeto James Beaton, ya yi ƙoƙarin mayar da martani, bindigarsa ta cije, aka harbe shi sau uku yana kare ta da jikinsa. Ball ya harbi direban motar, ya harbi wani ɗan jarida da ya tsaya taimako, ya harbi wani ɗan sanda da ya rugo wurin. Mutum huɗu ke nan, kuma cikin ikon Allah duka sun rayu.

Ball ya buɗe ƙofa ya kama hannunta, ya ce ta fito. Ta ce masa sam, ba inda za ta. Yana ja mijinta yana ja, har rigarta ta yage. Shekaru bayan haka ta ba da labari a talabijin cewa ta yi ta amsa masa cikin ladabi, don a ganinta wauta ce a yi wa mai bindiga rashin kunya a irin wannan hali. Wani tsohon ɗan dambe da ke wucewa, Ron Russell, shi ya kai wa Ball naushi, sannan wani jami'in 'yan sanda ya bi shi ya kama. An samu wasiƙa a wurinsa zuwa ga Sarauniya yana neman fansar miliyoyin fam. Ya amsa laifinsa a kotu, aka tsare shi a asibitin masu taɓin hankali.

Sarauniya ta ba Beaton lambar George Cross, wadda ita ce mafi girma da ake ba da ita don jarumtakar da ba ta fagen yaƙi ba. Daga wannan dare aka sake tsarin tsaron 'yan gidan sarauta, domin abin mamaki ne a ce 'yar Sarauniya tana yawo da dogari ɗaya tal.

Me ya kashe auren farko?

Su biyun ba su taɓa fitowa sun zayyana dalili ba, kuma Anne ba mai kai kukanta jarida ba ce. Abin da ke a fili shi ne cikin shekarun 1980 kowa ya kama gabansa: ita tana tafiye-tafiyen fada da na agaji, shi yana harkar horar da mahaya da tsara filayen gasa a ƙasashen waje, ba a cika ganinsu tare ba.

Abu biyu ne suka fito fili. A watan Afrilu na 1989 aka sace wasu wasiƙu na sirri daga wurin Anne aka kai wa jaridar The Sun. Jaridar ba ta buga abin da ke ciki ba, ta miƙa su ga 'yan sanda, amma fada ta tabbatar cewa wanda ya rubuta su wani hafsan sojan ruwa ne mai yi wa Sarauniya hidima, Timothy Laurence. A ƙarshen watan Agusta na wannan shekara aka sanar cewa Anne da Mark sun rabu da zama. Sannan a 1991 gwajin jini ya tabbatar cewa Mark ne uban wata yarinya da aka haifa a New Zealand a 1985, lokacin auren yana nan. Kotu ta raba auren ranar 23 ga Afrilu, 1992, bayan shekara 18 da 'yan watanni.

Ba su yi rabuwar baram-baram ba. Mark ya ci gaba da zama a wani gida kusa da Gatcombe shekaru da yawa, suka ci gaba da shirya gasar dawaki ta shekara-shekara a gonar, ana kuma ganinsu tare a wuraren da 'yarsu ke fafatawa.

Me ya sa aka je har Sikotlan aka ɗaura aurenta na biyu?

A nan mai karatu Bahaushe ya fi yin mamaki, domin a wurinmu bazawara ta gama idda ta yi aure ba labari ba ne. A gidan sarautar Birtaniya kuwa, wannan magana ta taɓa sauke sarki. Sarki ko sarauniyar Birtaniya shi ne shugaban Cocin Ingila, kuma a wancan lokaci cocin ba ya yarda a ɗaura wa wanda aurensa ya mutu sabon aure a majami'a muddin tsohon abokin zamansa yana raye. A 1936 Edward VIII ya ajiye sarauta don ya auri Wallis Simpson, Ba'amurkiya da ta fito daga aure biyu. Da bai sauka ba, da mahaifin Elizabeth bai hau ba a lokacin. A 1955 Gimbiya Margaret ta haƙura da Peter Townsend, wanda take so, saboda ya taɓa aure sun rabu. Abin dariyar shi ne cocin nan ya ɓalle daga Roma ne a 1534 saboda Henry VIII yana son rabuwa da matarsa, Fafaroma ya hana.

Cocin Sikotlan daban yake. Tsarinsa ba na bishop-bishop ba ne, sarki ba shugabansa ba ne, kuma yana barin fasto ya ɗaura wa wanda ya taɓa aure. Sai Anne ta bi ta nan. Ranar 12 ga Disamba, 1992, aka ɗaura aurenta da Timothy Laurence a Crathie Kirk, ƙaramar majami'ar da iyalin ke zuwa idan suna hutu a Balmoral, gidansu na Sikotlan. Baƙi kusan talatin ne, ciki har da iyayenta da kakarta. Babu keken doki, babu hutun ƙasa. Rabon da wata ta kusa da karaga ta sake aure bayan saki tun 1905, lokacin wata jikar Sarauniya Victoria.

Shekarar ma ba ta biki ba ce. A 1992 Andrew ya rabu da matarsa, auren Anne ya mutu, gobara ta ci wani sashe na fadar Windsor a watan Nuwamba, kuma kwana uku kafin ɗaurin auren Firaminista John Major ya sanar wa majalisa rabuwar Charles da Diana. Cocin Ingila ya sassauta dokarsa a 2002, amma ko da Charles zai auri Camilla a 2005, a ofishin rajistar aure na garin Windsor aka ɗaura, daga baya aka je majami'a addu'a.

Wane ne Timothy Laurence, kuma shi ma yarima ne?

Ba yarima ba ne. A Birtaniya mace tana ɗaukar matsayin mijinta, amma miji ba ya ɗaukar na matarsa. Mai auren yarima takan zama gimbiya, mai auren gimbiya yana nan yadda yake. An haifi Laurence a 1955, Anne ta girme shi da shekara huɗu da rabi. Ya karanta ilimin labarin ƙasa a jami'ar Durham, ya yi aikin sojan ruwa, ya jagoranci jiragen yaƙi. Daga 1986 zuwa 1989 yana cikin hafsoshin da ke tsayawa kusa da Sarauniya suna kula da shige da ficenta, kuma a nan suka saba da Anne. Bayan aure bai ajiye aiki ba, ya ci gaba har ya kai muƙamin mataimakin admiral kafin ya yi ritaya a 2010. A 2011 Sarauniya ta ba shi lambar girma da ta sa ake kiransa Sir Timothy.

Ba su haihu tare ba. Mutum ne da ba a jin bakinsa, yawanci a bayanta ake ganinsa da taku ɗaya ko biyu. An san su da son tuƙa ƙaramin jirgin ruwa a gaɓar yammacin Sikotlan, ita kuma tana da sha'awar ziyartar hasumiyoyin fitila da ke nuna wa jirage hanya. Auren ya haura shekara talatin, ya daɗe fiye da na farko nesa ba kusa ba.

'Ya'yanta da jikokinta nawa?

'Ya'ya biyu, jikoki biyar. An haifi Peter ranar 15 ga Nuwamba, 1977, shi ne jikan Sarauniya na farko. Ya yi aiki a harkar tallata wasanni, ya auri wata 'yar Kanada a 2008, suka haifi mata biyu, auren ya mutu a 2021.

Zara, haifaffiyar 15 ga Mayu, 1981, ita ta gaji iyayenta a kan sirdi. Ta zama zakarar duniya a 2006 a birnin Aachen na Jamus, aka kuma zaɓe ta gwarzuwar wasanni ta BBC, shekara 35 bayan mahaifiyarta. A Olamfik na Landan a 2012 tawagarta ta ci azurfa, kuma Anne ce ta rataya mata lambar da hannunta. Zara ta auri Mike Tindall, ɗan wasan zari-ruga da ya ci kofin duniya da Ingila a 2003, a birnin Edinburgh a 2011. Suna da 'ya'ya uku. Dalilin da ya sa duk cikinsu babu mai laƙabi yana cikin amsar da ta gabata kan sarautar 'ya'yanta.

Wai ta taɓa soyayya da tsohon mijin Sarauniya Camilla?

Haka ne. Wajen 1970, kafin kowa ya yi aure, ta yi ɗan lokaci tana tare da Andrew Parker Bowles, hafsan sojan doki. Ɗan Katolika ne, kuma dokar lokacin ta ce duk mai jiran gado da ya auri Katolika ya fita daga jeri. Shi ya auri Camilla a 1973, ita ta auri Mark a shekarar. Zumunci bai yanke ba, yana ma cikin iyayen baftismar Zara. Yau tsohuwar matarsa ce matar yayanta.

Gaskiya ne an taɓa gurfanar da ita a kotu?

An yi. A 2002 karenta ya ciji yara biyu a dandalin shaƙatawa na Windsor. Ta je kotun majistare a garin Slough da kanta a watan Nuwamba, ta amsa laifi, aka ci ta tarar fam 500 da diyya. Ita ce ta farko cikin manyan 'yan gidan a wannan zamani da aka rubuta wa laifi irin wannan. Shekara guda kafin nan an ci ta tarar fam 400 saboda gudun wuce ƙa'ida da mota.

Wane aiki take yi, tunda ba mulki take ba?

Aikin 'yan gidan sarautar Birtaniya wakilci ne: buɗe asibiti, ziyartar barikin soja, raba lambobin girma, karɓar baƙi, jagorantar ƙungiyoyin agaji. Ana buga jerin waɗannan fitowa kullum, 'yan jarida kuma suna ƙirgawa a ƙarshen shekara. Sau da yawa Anne ce ke zuwa ta ɗaya, wasu shekarun da fitowa sama da 400. Tana da alaƙa da ƙungiyoyi fiye da 300. Ita ce uwar jami'ar Landan tun 1981, da ta Edinburgh tun 2011.

Wanda ya fi fito da ita shi ne Save the Children, ƙungiyar da mutanen arewacin Najeriya da Nijar suka sani ta ayyukan tamowa da lafiyar yara. Ta zama shugabarta a 1970, ta riƙe har 2017. Wannan aiki ya kai ta sansanonin 'yan gudun hijira da ƙauyuka a Afirka da Asiya, har shugaban Zambiya Kenneth Kaunda ya gabatar da sunanta don kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1990. A ƙuruciyarta jaridun Birtaniya sun ɗauke ta mai tsiwa da ɗaure fuska, don ba ta iya lallashin masu kyamara ba, ba ta kuma rungumar yara don a ɗauki hoto. Halin bai canza ba, mutane ne suka sake ra'ayi. Har rigunan da take maimaitawa bayan shekara talatin, waɗanda da ake yi mata dariya a kai, yanzu yabo ake yi.

Wace rawa ta taka lokacin rasuwar mahaifiyarta?

Tana Balmoral lokacin da Sarauniya ta rasu ranar 8 ga Satumba, 2022, kuma ta ce ta yi sa'ar kasancewa tare da ita a awa 24 na ƙarshe. Ita ce ta raka gawar a mota, tafiyar awa shida zuwa Edinburgh, tare da mijinta, ita ce kuma ta shiga jirgin sojan sama da ita zuwa Landan. A majami'ar St Giles da ke Edinburgh ta tsaya gadin akwatin tare da 'yan'uwanta maza uku, al'adar da kafin nan maza kaɗai ke yi.

Yanzu da yayanta ke mulki, mene ne matsayinta?

A jerin magada tana nesa, kamar yadda aka bayyana a sama, amma a wajen aiki tana kusa. A ƙarshen 2022 majalisa ta yi doka ta musamman ta saka ta, ita da Edward, cikin waɗanda za su iya sa hannu a madadin Sarki idan ba shi da lafiya ko ya yi tafiya. Ranar naɗin Charles, 6 ga Mayu, 2023, ba ta shiga keken doki ba. Ta hau doki cikin kakin rundunar da take wa kanar tun 1998, ta bi bayan keken Sarki a matsayin mai tsaron lafiyarsa na al'ada. Da aka sanar a farkon 2024 cewa Sarki yana fama da cutar daji, kaso mai yawa na fitowar da ya rage a kanta ya faɗa.

A watan Yuni na 2024, tana dab da cika shekara 74, ta ji rauni a ka a gonarta ta Gatcombe, likitoci suka ce alamun bugun doki ne. Ta kwana biyar a asibiti a Bristol, kuma ta ce ba ta tuna komai game da abin da ya faru. Bayan kusan mako uku ta koma aiki, fitowarta ta farko kuwa gasar hawan doki ce ta wata ƙungiyar masu buƙata ta musamman da take tare da ita tun 1971.